Idan Ka Je Siyena, Ɗana, Kada Ka Yi Gaggawa

Ɗana, 'ya'yanmu sun fara yawa a ƙasar Italiya. Wani karatu ne ya kai shi, wani sarin takalma da yadi, wani taron 'yan kwanaki, wani kuwa neman abinci ne ya tsallaka da shi teku. Abin da ke damuna shi ne yadda yawancinsu ke yi da tsofaffin gine-ginen ƙasar, waɗanda mutane ke tara kuɗi shekara da shekaru daga Japan da Amurka don kawai su zo su gani. Namu sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara zaman hula, a ɗauke shi hoto, ya tura gida, shi ke nan an ga Turai. Kai kada ka yi haka. Idan Allah ya kai ka yankin Tuskani, ka ware yini guda cur domin babbar majami'ar birnin Siyena, wadda mutanen garin ke kira Duwomo, ka shige ta da niyyar ɗaukar karatu.

Siyena tana kudu da Fulorans, tafiyar kimanin kilomita 70. Ka hau bas, don ita ke sauke mutum kusa da tsakiyar gari, tashar jirgin ƙasa kuwa a gindin tudu take. Garin a kan tuddai uku yake zaune, lungunansa matsattsu ne, an kuma hana yawancin motoci shiga, saboda haka ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi.

Na san abin da zai fara zuwa ranka in kai Musulmi ne: ya halatta in shiga coci, ga mutum-mutumi ko ta ina? Malamai sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ƙyamaci shiga inda akwai siffofi, wasu sun sauƙaƙa ga wanda ya shiga don gani da lura. Ka tambayi malaminka tun kana gida, kada ka bari sai kana bakin ƙofa zuciya tana yi maka wasi-wasi. In ka yanke shawarar shiga, to ka tuna ɗakin ibadar wasu ne, kai kuma baƙo. Suna son suturar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, wannan ba zai ba ɗan Hausa wahala ba. Ke 'yata, mayafinki daidai yake, babu mai ce miki ki cire. Kai namiji kuwa, al'adarsu a tuɓe hula a cikin coci. In mai gadi ya yi maka nuni, ka cire ka riƙe a hannu ba musu. Ka sassauta murya, ka kashe ƙarar waya da fitilar kyamara. Safiyar Lahadi ta masu sujada ce, sai da rana ake buɗe wa masu kallo. In lokacin salla ya yi, ka fita ka nemi wuri a waje. Tarihi ya kawo cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin Ƙudus, babban limamin Kirista ya yi masa tayin yin salla a cikin coci, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmi su zo daga baya su ce wurin nasu ne. In kuwa kai Kirista ne kana son yin addu'a, ka tambayi masu gadi, akwai ƙofar da aka keɓe wa masu ibada.

Kafin ka shiga, ka ja da baya zuwa bangon tsohon asibitin da ke fuskantar majami'ar, ka zauna a dakalin dutse, ka ƙare wa fuskar ginin kallo. Aikin ya kankama ne a farkon ƙarni na 13, aka kammala ƙubba a 1263, shekara 61 kafin Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa da ya girgiza Masar. Fuskar kuwa Jobanni Pisano ne ya fara ta wajen 1285. Ya yi rabin ƙasa mai ƙofofi uku, ya jera siffofin annabawa da masana, sannan ya saɓa da hukumar gari ya tafi ya bar aikin. Rabin sama sai wasu suka ƙarasa a ƙarni na 14. In ka lura da kyau za ka ga ginshiƙan sama ba su hau daidai kan na ƙasa ba, alamar hannu ya sauya. Zane-zanen nan masu ruwan zinariya a can ƙololuwa, waɗanda jama'a suka fi ɗaukar hotonsu, su ne mafi ƙarancin shekaru a wurin, na ƙarni na 19 ne.

Da ka sa ƙafa ciki, ratsi ne zai fara kama idonka: fari, baƙi, fari, baƙi, daga gindin kowane ginshiƙi har sama, kamar an lulluɓe ginin da gwado. Dutsen mabul ne, fari da wani baƙi mai sirkin kore. Fari da baƙi su ne launin tutar Siyena. Wanda ya taɓa zuwa Alƙahira ko Dimashƙa zai tuna da masallatan da aka jera wa duwatsu launi biyu haka, kuma masana gine-gine sun daɗe suna muhawara ko salon ya shigo Tuskani ne ta hannun 'yan kasuwar Pisa masu hulɗa da ƙasashen Musulmi, ko kuwa gadon Rumawa ne kowane ɓangare ya ɗiba. Ka lura da kamannin, ka ji daɗinsa, amma kada ka shiga sahun masu cewa duk abin kirkin da ke Turai sato shi aka yi. Teku ɗaya ta haɗa mutanen nan, suna yaƙi suna ciniki, kowa na koyo daga kowa. Sai ka ɗaga kai. Rufin shuɗi ne da taurarin zinariya, a ƙarƙashinsa kuma kawunan Fafaroma 172 ne a jere suna leƙo ƙasa. Kusa da ƙubba za ka ga wasu dogayen sanduna biyu jingine da ginshiƙai. Mutanen garin suna danganta su da yaƙin Montaperti na 1260, ranar da Siyena ta karya rundunar Fulorans bayan ta miƙa mabuɗan birni ga Nana Maryamu a wannan ɗaki. Ka riƙe sunan Fulorans, don gasar garuruwan nan biyu za ta sake fitowa.

Dukiyar gidan tana ƙarƙashin ƙafarka. Daɓen majami'ar hotuna 56 ne da aka yi da dutse. An fara a ƙarni na 14, an yi mafi yawansu a ƙarni na 15 da na 16, ba a rufe aikin ba sai ƙarni na 19. Masu zane kimanin 40 ne suka sa hannu, kusan dukansu 'yan garin. Na farkon, farin dutse ake samu, a tsaga layi da ƙarfe mai kaifi, a huhhuda ƙananan ramuka, a cike su da wani baƙin haɗi, sai hoto ya fito. Daga baya hannu ya faɗa, suka riƙa yanka duwatsu masu launi, ja da rawaya da toka-toka, suna haɗa su baki da baki, har wani gwani mai suna Domeniko Bekkafumi ya kai ga fitar da haske da inuwa da dutse zalla. Wanda ya shimfiɗa dutsen farko ya san ba zai ga ƙarshen aikin ba, jikansa ma ba zai gani ba, amma ya daidaita nasa ya tafi.

Ba za ka iya karance 56 ɗin a yini ɗaya ba, don haka ka daɗe a kan biyu. A layin hagu da na dama akwai mata goma, waɗanda Girkawa da Rumawan dā suka ɗauka suna faɗin abin da zai zo, Kiristocin wancan zamani kuma suka ce sun yi bushara da zuwan Almasihu. Ka nemi ta Libiya a layin hagu. An yi fuskarta da hannayenta da baƙin dutse, tana sanye da fararen tufafi, da littafi a hannu. Aikin 1483 ne. Baƙar mace 'yar Afirka ce tsaye cikin masu hikima a babban ɗakin ibadar Turawa, tun kafin cinikin bayi na Atlantika ya bunƙasa ya lalata yadda Bature ke kallon baƙar fata. Yawancin masu jagorar baƙi wucewa suke yi da sauri. Kai ka tsaya.

Na biyun yana tsakiyar hanya, zanen Pinturikkiyo ne na wajen 1505. Wata mace ce da ke wakiltar sa'a, ƙafarta ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan jirgin ruwa mai karyayyen itace, ta sauke wasu mutane a wani tsibiri. Mutanen suna hawan wani tudu mai duwatsu da macizai. A ƙwanƙolin tudun Hikima ce zaune, tana miƙa wa Sokratis reshen dabino, tana miƙa wa wani masani mai suna Kratis littafi, shi kuwa yana juye kwandon lu'ulu'u da sarƙoƙi cikin teku. Abin da zai ba ka dariya shi ne Siyena garin masu banki ne. A ƙarni na 13 attajiranta ne ke juya kuɗin Fafaroma, kuma bankin Monte dei Paschi da aka kafa a nan a 1472 yana nan har yau. Su aka sassaƙa wa wa'azin zubar da dukiya, suna bi ta kansa duk Lahadi su koma kanti ran Litinin. Ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. In gaya maka tun da wuri, macen nan ba ta da sutura, akwai kuma irinta a wasu wurare cikin ginin. Ka kawar da ido ka wuce, kada ka tsaya yin tsaki da ƙarfi a gidan mutane.

Yawancin watanni a rufe daɓen yake don kada takalma su cinye shi, kaɗan ake bari a buɗe. Ana yaye shi duka ne na wasu makonni a tsakiyar shekara, sai kuma daga bayan tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ka bincika kafin ka sayi tikiti. Kuma tun da kai ɗan gidan dawaki ne, ka sani ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta ake sukuwar Paliyo a dandalin garin, dawaki goma daga cikin unguwanni 17, mahaya ba sirdi. Unguwar da ta ci ta Agusta, nan majami'ar take ɗunguma ta yi godiya. Abin kallo ne, sai dai a ranakun ba masaka tsinke, ba kuma za ka sami natsuwar da nake nema maka ba.

Mumbarin da ke gefen hagu, mai kusurwa takwas, wanda wasu ginshiƙansa ke tsaye a bayan zakoki, aikin Nikola Pisano ne daga 1265 zuwa 1268. Cikin yaran da suka taya shi akwai ɗansa Jobanni, mai fuskar ginin, da Arnolfo di Kambiyo, wanda daga baya ya tsara babbar majami'ar Fulorans. Sunayen Donatello da Mikelanjelo da Barnini duk za ka gan su a allunan bayani, kowa ya bar abinsa a nan.

Akwai wata ƙofa a bangon hagu da ke shiga ɗakin karatu na Pikkolomini. Wani Kadinal ne ya sa aka gina shi don tunawa da kawunsa, Fafaroma Piyus na Biyu, ya kuma ɗauki Pinturikkiyo a 1502 ya zana rayuwar kawun a bango cikin fage goma. Launin yana nan raɗau kamar jiya aka shafa. Shi Kadinal ɗin ya zama Fafaroma a 1503, ya yi kwana 26 a kan kujera ya rasu, bai ga ƙarshen zanen ba. Fage na ƙarshe yana nuna Piyus na Biyu a tashar jiragen ruwa ta Ankona a 1464, yana haɗa rundunar da za ta yaƙi Turkawan Usmaniyya. A can ya rasu, rundunar ta watse. Kada ranka ya ɓaci. Tarihi ne aka rubuta daga wancan gefen, kuma mai hankali yana son ya ji yadda abokin karawa ke ba da labari. Ka dubi manyan littattafan waƙoƙin ibada da ke cikin gilashi, rubutun hannu a kan fata, da adon zinariya a farkon shafi. Duk wanda ya taɓa ganin zayyanar da alarammomi ke yi zai gane yawan daren da aka raya a kan kowane shafi.

Yanzu ka fito ka zagaya ta dama. Za ka tarar da wani fili a buɗe, da wasu dogayen bakuna a gefe, da wani ƙaton bango tsaye shi kaɗai, tagoginsa babu komai a bayansu sai sararin sama. Wannan wurin ne ya sa na zaɓar maka Siyena a kan sauran.

A 1339 majalisar garin ta ga Fulorans tana gina majami'ar da za ta fi tata girma, sai ta yanke shawarar yin abin da ba a taɓa gani ba. Wannan ginin da ka gama zagayawa, duk girmansa, zai zama hannun gicciye ne kawai na sabuwar majami'a, a miƙa sabon zaure daga gefensa zuwa cikin gari. Aka fara aiki da sauri, bango ya tashi, bakuna suka tashi. A 1348 annoba ta iso. Jiragen ruwa ne suka shigo da ita Sisili a ƙarshen 1347, ta bi tashoshi da hanyoyin fatake, ita ce kuma ta kashe iyayen Ibn Khaldun a Tunis. A Siyena, garin da ke da mutane wajen 50,000, ta ɗauke kimanin rabi ko fiye cikin 'yan watanni. Wani marubucin tarihin garin, Anyolo di Tura, ya binne 'ya'yansa biyar da hannunsa. Magina sun mutu, masu biyan haraji sun mutu.

Amma kada ka yarda da wanda zai ce maka annoba ce kaɗai ta tsayar da aikin. Da ƙura ta lafa aka kira gwanayen magina, har daga Fulorans ɗin, suka duba, suka tarar ginshiƙan sun yi siriri ga nauyin da aka ɗora musu, harsashin bai yi ƙwarin da ake bukata ba, wasu sassa sun fara karkacewa. Gaggawar gasa ta riga annoba yin ɓarna. A 1357 aka ba da umarnin rushe abin da ke da haɗari, aka haƙura. Abin da ya burge ni shi ne ba su share alamar kunyarsu ba. Sun bar bangon a tsaye fiye da shekara 650, suka koma kan tsohon ginin da ƙarfinsu zai iya, suka ƙarasa fuskarsa, suka duƙufa a kan daɓen nan da ka gani. Ana hawa saman bangon ta wata matsattsiyar matakala mai murɗewa. Ka hau in gwiwarka za ta iya, duk garin da gonakin inabi da zaitun suna ƙarƙashinka.

A cikin layin da ya tsira na wannan gini da bai ƙaru ba aka yi gidan tarihin majami'ar, kuma a nan allon mai zane Duccio yake, wanda suke kira Mayesta. An ba shi aikin a 1308, ya gama a 1311: Nana Maryamu a kan karaga a gaba, labarin ƙarshen rayuwar Almasihu kamar yadda Kiristoci suka ruwaito a baya, a cikin ƙananan fage masu yawa. Ranar 9 ga Yuni da aka ɗauko shi daga shagon mai zanen, an rufe kantuna, an kaɗa ƙararrawa, manya da ƙanana suka raka shi, aka raba sadaka. Sai ga shi a 1771 wasu masu ganin sun waye suka sa zarto suka tsaga shi, aka rarraba. Yau wasu guntayensa suna Landan, wasu Washintan, wasu Niyok, wasu Madrid. Ba maƙiyi ne ya yi wannan ɓarna ba, 'yan gida ne da suka raina abin da suka gada.

To wa ke riƙe da duk wannan? Wata hukuma ce da suke kira Opera, wadda take nan tun ƙarshen ƙarni na 12, ba ta da aikin da ya wuce gina majami'ar da gyaranta. Tana da shugaba, tana da littafin shiga da fita, tana da magina nata. A dā kuɗinta daga wasiyya da gudummawar hukumar gari suke zuwa, da kuma kakin kyandir da mazauna birni da garuruwan da ke ƙarƙashinsa ke kawowa duk tsakiyar Agusta. Yau tikitinka na cikin abin da take gyara da shi. Ita ta ga ruwa da iska suna cin sassaƙen Jobanni Pisano, ta shigar da na asali cikin gidan tarihi ta sa kwafi a waje. Haka ta yi da babbar tagar gilashi mai launi da Duccio ya tsara wajen 1288. A 1999, ana cikin wani gyara, ma'aikata suka ci karo da wani ɗaki a ƙarƙashin ginin da aka cike da ɓaraguzai tun ƙarni na 14, bangonsa cike da zanen ƙarni na 13 da launinsa bai dusashe ba. Sarauta ta sauya hannu sau da yawa, Siyena kanta ta faɗi a 1555 ta koma ƙarƙashin Fulorans, amma ba a daina duba rufi da rubuta lissafi ba. In ƙafarka ba ta gaji ba, ka leƙa asibitin nan da ka jingina da shi da safe, Santa Mariya della Skala. Ɗaruruwan shekaru yana karɓar matafiya masu zuwa Roma da marayu da marasa lafiya, bai daina jinya ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 20.

Mu ma muna da gwanaye, ɗana. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, masana gine-gine na duniya suna zuwa su yi nazarin bakan gizonsa. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Badalar Kano kuwa kowa na ganin yadda ake yankar ta ana gina shaguna. Hannun magina bai taɓa yi mana ƙaranci ba. Wanda zai hau rufi kafin damina ya duba tsaga, da asusun da ba a taɓawa sai don gyara, da littafin da magaji zai buɗe ya ga abin da na gabansa ya kashe, su ne muke da ƙarancinsu.

Saboda haka in ka dawo gida lafiya, bayan ka gama nuna hotuna, ka je wurin limamin unguwarku ko faston cocinku ka tambaye shi wa ke riƙe da asusun gyaran ginin, yaushe rabon da a duba rufinsa. In ya ce babu kowa, ka nemi mutum biyu masu amana ku sayi littafi ku fara.